KUƊIN INTANET: SAI YAUSHE BIYA KE TABBATA?

Duk wanda ya daɗe yana fatauci tsakanin Arewa da Kurmi ya san akwai tazara tsakanin a ce an biya da kuɗi su shiga hannu. A zamanin cek, ɗan kasuwa kan kai takardarsa banki ya jira kwanaki kafin a gaya masa ko ta yi kyau ko ta dawo. A zamanin nan na wayar hannu kuwa, masu tumatir da albasa a Mile 12, da dillalan shanu a Agege, da masu goro a Shagamu, duk sun san labarin alat na ƙarya, watau saƙon da ke nuna kuɗi sun shigo alhali ko kwabo bai motsa ba.

To, yanzu ga wani sabon irin biya ya shigo kasuwa, shi ne kuɗin intanet da ake kira kirifto, irin su Bitcoin da Ether da USDT. Kamfanin Chainalysis na Amurka, mai bin diddigin wannan harka, ya sa Nijeriya ta biyu a duniya wajen karɓuwar waɗannan kuɗi a shekarar 2023 da ta 2024, bayan Indiya. Ya kuma ƙiyasta cewa kirifto na kimanin dala biliyan 59 ne ya ratsa ƙasar nan daga Yulin 2023 zuwa Yunin 2024. Cikin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal akwai 'yan canji da masu sayo kaya daga ƙasashen waje waɗanda tuni abokan cinikinsu suka fara neman a yi biya ta wannan hanya.

Masu tallar kirifto kan ce abin da aka rubuta a cikinsa ba ya goguwa. Maganar tana da gaskiya, amma da sharaɗi, domin sai an jira wani lokaci kafin biya ya zauna daram. Tsawon jiran kuwa ya dogara ga hanyar da kuɗin suka biyo, da kuma ko kwamfutocin da ke tafiyar da hanyar bakinsu ya zo ɗaya.

LITTAFIN DA KE HANNUN KOWA

Banki yana da littafin lissafi guda, kuma abin da ma'aikatansa suka rubuta a ciki shi ne magana. Bitcoin kuwa, wanda wani mai kiran kansa Satoshi Nakamoto ya bayyana tsarinsa a watan Oktoba na 2008 aka kuma fara aiki da shi ran 3 ga Janairu, 2009, ba shi da hedkwata ko manaja. Dubban kwamfutoci ne a ƙasashe dabam-dabam kowace ke riƙe da kofen littafin. Kusan kowane minti 10 akan ƙara sabon shafi, kuma kowane shafi yana ɗauke da hatimin wanda ya gabace shi, ta yadda shafukan suka zama kamar sarƙa. Wannan sarƙar shafuka ita ake kira bulokcen.

Masu rubuta shafukan ana kiran su masu haƙa. Gasar lissafi suke yi da manyan injuna masu cin wutar lantarki, wanda ya riga warware lissafin shi ke rubuta shafi na gaba ya karɓi lada. Wani lokaci mutum biyu kan warware kusan a tare, sai sarƙa ta yi reshe biyu. Ƙa'idar ita ce reshen da aka fi zuba wa aiki, wanda galibi shi ne mafi tsawo, shi kowa zai bi, ɗayan kuwa a yar da shi. Biyan da ke cikin reshen da aka yar yakan koma layin jira, amma idan mai kuɗin ya riga ya kashe su a ɗaya reshen, to shi ke nan, biyan farko ya zama kamar ba a taɓa yin sa ba.

Saboda haka biya yana da matakai. Da mutum ya tura kuɗi, sukan fara tsayawa a layin jira, kuma a wannan hali wayar mai karɓa tana iya nuna kuɗi suna tafe. Nan ne aka fi cutar mutane, domin tun shekarar 2016 manhajar Bitcoin ta ba mai turawa damar sake biyan da bai shiga shafi ba da wani sabo mai ladan da ya fi na farko, har ma ya mai da kuɗin lalitarsa. Idan biya ya shiga shafi, an sami tabbaci ɗaya ke nan. Kowane shafi da aka ɗora a kai ƙarin tabbaci ne. Al'adar da aka daɗe ana bi ita ce a jira tabbaci 6, watau wajen awa guda, kafin a saki kaya masu tsada.

Shi Satoshi ya yi wannan lissafi a takardarsa. Ya nuna cewa idan macuci yana da kashi 10 cikin 100 na ƙarfin haƙa, to bayan shafi 5 damarsa ta warware biya ba ta kai ɗaya cikin 1,000 ba. Idan kuwa yana da kashi 30, sai an jira shafi 24 kafin a kai ga wannan kwanciyar hankali. Watau a Bitcoin babu wani lokaci da za a buga ganga a ce an rufe magana. Haɗarin ne dai ke ta raguwa har ya zama ba abin damuwa ba.

DAREN DA LITTAFI YA RABU BIYU

Ran 11 ga Maris, 2013, wani abu ya faru wanda ya nuna cewa ko ba macuci ma, saɓani tsakanin manhaja da manhaja yana iya warware biya. A watan Fabrairu na wannan shekara masu kula da manhajar Bitcoin sun fito da sabuwa mai lamba 0.8, inda suka sake rumbun ajiye bayanai, suka bar wani mai suna Berkeley DB suka koma LevelDB domin ya fi sauri. Manyan masu haƙa da yawa suka koma sabuwar, amma jama'a da 'yan kasuwa masu yawa suna nan kan tsohuwar. Abin da ba wanda ya lura da shi shi ne tsohon rumbun yana da iyakar abin da zai iya ɗauka a shafi guda, kuma ba a taɓa rubuta wannan iyaka cikin ƙa'idodin Bitcoin ba.

Da aka haƙo shafi na 225,430, wanda ya zo da kaya fiye da yadda aka saba, sai sabuwar manhaja ta karɓe shi, tsohuwar ta ƙi. Nan take littafi ya rabu biyu. Ɓangaren sabuwar ya fi ƙarfin haƙa, don haka reshensa ya yi ta tsawo, amma komai tsawonsa tsohuwar ba za ta karɓe shi ba, tun da a wurinta akwai shafi haramtacce a cikinsa. Kamfanin Mt. Gox na Japan, wanda a lokacin shi ne babbar kasuwar Bitcoin, ya dakatar da karɓar ajiya, farashi kuma ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Masu rubuta manhajar, ciki har da Gavin Andresen da Pieter Wuille, suka yi shawara cikin gaggawa. Sun ga cewa sabuwar manhaja tana iya bin kowane reshe, tsohuwar kuwa ɗaya kaɗai take iya bi, saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce manyan masu haƙa su koma tsohuwar. Ƙungiyoyin haƙa na BTC Guild da Slush suka yarda. Bayan wajen awa 6 reshen tsohuwar ya wuce ɗayan, aka yar da shafi 24 gaba ɗaya, ladan Bitcoin 600 da ke cikinsu kuma ya bi ruwa. Galibin cinikin da ke cikin waɗannan shafuka ya sami shiga ɗaya reshen, amma ba duka ba. Wani mutum ya biya kamfanin OKPay Bitcoin na wajen dala 10,000, aka ga biyan ya tabbata a reshen da daga baya aka yar, sa'an nan ya tura kuɗin nan dai zuwa wani wuri a ɗaya reshen. Shi ya bayyana abin da ya yi, ya ce gwaji ne, aka kuwa daidaita tsakaninsu. Bayan haka aka fito da gyara mai lamba 0.8.1, aka ba kowa wa'adi zuwa 15 ga Mayu ya sabunta tasa.

Tun daga ranar masu rubuta manhajar Bitcoin suka ƙara tsananta bincike a kan duk wani canji da zai iya sa tsohuwa da sabuwa su saɓa, domin an gane cewa tabbaci ba ya da amfani muddin kwamfutocin ba littafi ɗaya suke karantawa ba.

IDAN ƁARAWO YA FI MASU GADI ƘARFI

Haɗari na biyu ya fi shafar ƙananan sarƙoƙi. Misalin da ya fi shahara shi ne na Ethereum Classic. Asalinsa, a shekarar 2016 an sace Ether wajen miliyan 3.6 daga wani asusun haɗin gwiwa mai suna DAO da ke kan sarƙar Ethereum. Ran 20 ga Yuli na wannan shekara mafi yawan jama'ar Ethereum suka sake manhajarsu domin a mai da wa masu kuɗi kuɗinsu. Waɗansu 'yan tsiraru suka ƙi, suka ce abin da aka rubuta an rubuta, suka ci gaba da tsohuwar sarƙa, ita ce Ethereum Classic.

Da yake masu haƙar wannan sarƙa ba su da yawa, kuma ana iya hayar ƙarfin haƙa a intanet kamar yadda ake hayar mota, sai ɓarayi suka sami ƙofa. Dabarar ita ce ɓarawo ya kai kuɗi kamfanin canji, ya jira a tabbatar, ya canza su zuwa wani kuɗin ya kwashe. Duk wannan lokaci yana can a ɓoye yana gina nasa reshen, wanda babu wannan biya a cikinsa. Da reshensa ya fi na jama'a tsawo sai ya fito da shi fili, ƙa'ida kuma ta tilasta wa kowa ya bi. Kuɗin da ya kai kamfanin sun dawo hannunsa, ga kuma waɗanda ya kwasa.

A farkon Janairun 2019 kamfanin Coinbase na Amurka ya gano an yi irin wannan a kan Ethereum Classic, inda aka kashe kuɗi na wajen dala miliyan 1.1 sau biyu. A watan Agustan 2020 aka sake kai hari har sau uku. A na farko kamfanin OKEx ya yi asarar wajen dala miliyan 5.6, a na uku kuwa an warware shafi fiye da 7,000 a tashi ɗaya, watau aikin sama da awa 24. A lokacin sai da Coinbase ya mai da jiran tabbatar da ajiyar wannan kuɗi zuwa kusan mako biyu. Ashe ke nan tabbaci 6 na Bitcoin da tabbaci 6 na wata ƙaramar sarƙa sunansu ne kawai ɗaya.

HANYAR JINGINA

Ita babbar sarƙar Ethereum, wadda Vitalik Buterin da abokansa suka buɗe a watan Yulin 2015, ta bar hanyar haƙa ran 15 ga Satumba, 2022, ta koma hanyar jingina. A wannan tsari, wanda ke son ya zama shaida sai ya ajiye aƙalla Ether 32 a matsayin jingina. Ana rubuta shafi kowace daƙiƙa 12, kuma kowane gurbi 32 zango guda ne, watau minti 6 da daƙiƙa 24. A kowane zango shaidu kan kaɗa ƙuri'a, kuma idan masu kashi biyu cikin uku na jinginar suka amince har zango biyu a jere, to an rufe shafin. Wannan kan ɗauki wajen minti 13 zuwa 15.

Bambancinsa da Bitcoin shi ne a nan akwai lokacin da ake cewa an rufe. Duk wanda ke son warware shafin da aka rufe tilas ya sami shaidu masu aƙalla kashi ɗaya cikin uku na jinginar su yi shaidar zur, manhajar kuwa za ta gane su ta ƙone jinginarsu. Dukiyar da za ta salwanta ta kai biliyoyin daloli.

Amma a nan ma matsalar manhaja ta taɓa kunno kai. Ran 11 ga Mayu, 2023, sarƙar ta kasa rufe shafi na wajen minti 25, kashegari kuma na fiye da awa guda. Dalili shi ne biyu daga cikin manhajojin da shaidu ke aiki da su, Prysm da Teku, sun sha nauyin da ya fi ƙarfinsu. Ciniki bai tsaya ba, shafuka sun ci gaba da fita, sai dai ba a iya buga musu hatimin ƙarshe ba. Abin da ya taimaka shi ne Ethereum ba ta dogara ga manhaja ɗaya ba. Ƙungiyoyi dabam-dabam ne suka rubuta nasu bisa ƙa'ida ɗaya, don haka da waɗansu suka gaza sauran suka riƙe har aka fito da gyara.

SAURI DA ABIN DA AKE BIYA DOMINSA

Akwai sarƙoƙin da suka fi waɗannan sauri nesa ba kusa ba. Tron, wadda da yawa daga masu tura USDT ke bi saboda sauri, tana fitar da shafi kowace daƙiƙa 3. Wakilai 27 ne ke rubuta shafukanta, kuma da 19 daga cikinsu sun ɗora a kan shafi, ya tabbata, watau cikin wajen minti guda. Avalanche, wadda aka buɗe a Satumban 2020, takan rufe biya cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu.

Sai dai sauri yana da farashinsa. Inda shaidu ba su da yawa, yana da sauƙi su haɗa baki ko a tsai da su. A watan Oktoban 2022, da aka yi satar BNB wajen miliyan 2 ta wata gadar musaya, masu kula da sarƙar BNB sun tuntuɓi shaidunta aka tsai da sarƙar ɗungum na waɗansu awoyi. Sarƙar Solana kuma ta tsaya cik na wajen awa 17 a watan Satumban 2021, ta sake tsayawa na wajen awa 5 a Fabrairun 2024. Wanda kuɗinsa ke hanya a irin wannan lokaci ba shi da abin yi sai jira.

HARSHE ƊAYA, GARI DABAM

Sabuwar sarƙa ba ta cika sai da masu rubuta manhaja, kamar yadda sabuwar kasuwa ba ta ci sai 'yan tireda sun kafa rumfuna. Da yake masu rubuta manhaja da yawa sun riga sun koyi harshen Solidity na Ethereum, sarƙoƙi da dama sun gina injinsu ya dace da na Ethereum, wanda ake kira EVM. Haka BNB da Polygon da Avalanche da Arbitrum da Optimism da Base suka yi. Amfanin wannan shi ne wanda ya rubuta manhaja domin Ethereum yana iya ɗauke ta ya kai can ba tare da wani babban gyara ba, mai lalita irin MetaMask kuma yana iya aiki da ita a dukansu.

Amma wannan dacewa ta zo da tarko. Adireshin lalita a duk waɗannan sarƙoƙi kamarsa ɗaya, yana farawa da 0x, yana da haruffa da alƙaluma 42. Saboda haka mutum yana iya tura USDT ta sarƙar BNB zuwa adireshin da mai shi ke jira a Ethereum, biya ya tabbata sarai, amma a garin da ba a nufa ba. Idan lalitar ta mutum ce kuma mabuɗinta na hannunsa, galibi yana iya samo kuɗin. Idan ta kamfanin canji ce, sai yadda kamfanin ya ga dama. Ƙwararru ma sun faɗa wannan rami. A shekarar 2022 an tura wa kamfanin Wintermute kuɗin OP miliyan 20 a kan sarƙar Optimism, zuwa adireshin da yake mallaka a Ethereum kaɗai. Kafin ya kai ga kama adireshin a can wani ya riga shi ya kwashe, ko da yake daga baya ya mai da miliyan 17.

Har ila yau, dacewar harshe ba ta nufin dacewar lokacin rufewa. Arbitrum da Optimism kan nuna biya ya shiga nan take, amma a kan Ethereum suke jingine, kuma wanda zai fitar da kuɗi daga cikinsu zuwa Ethereum ta gadarsu ta asali sai ya jira kwana 7, domin a ba duk mai ƙorafi damar kawo hujja. Mai rubuta manhajar da ya ɗauko aikinsa daga wata sarƙa bai sake lissafin jira ba, yana iya sa manhajarsa ta saki kaya kafin kuɗi su zauna.

ABIN DA YA KAMATA ƊAN KASUWA YA KIYAYE

A Nijeriya dokar wannan harka ta sha canji. Ran 5 ga Fabrairu, 2021, Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto, abin da ya sa jama'a suka karkata ga cinikin hannu da hannu. A Disamban 2023 bankin ya sassauta, a Maris na 2024 kamfanin Binance ya daina harka da Naira, a Maris na 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar zuba jari wadda ta sa irin waɗannan kadarori ƙarƙashin hukumar SEC. Duk da haka babu wani ofishi a Ikko ko Abuja da zai iya juya biyan da sarƙa ta rufe. Kamfanin Tether mai USDT yana da ikon daskarar da kuɗinsa a wata lalita, kuma yakan yi haka bisa roƙon hukumomin tsaro, amma wannan hanya ce mai tsawo wadda ƙaramin ɗan kasuwa ba zai dogara da ita ba.

Saboda haka mai karɓa da mai turawa kowa da abin da zai kula da shi. Mai karɓa kada ya yarda da hoton waya. Kowane biya yana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 64, sai ya nemi a ba shi ita ya duba da kansa a wuraren bincike irin su Tronscan ko Etherscan, ya ga adireshinsa ne, ya ga yawan kuɗin, ya ga kuma ainihin USDT na Tether ne, domin kowa na iya ƙirƙiro kuɗin bogi ya laƙaba masa wannan suna. Sa'an nan ya jira gwargwadon sarƙar da kuma tsadar kayan: wajen minti guda a Tron, rubu'in awa a Ethereum, awa guda a Bitcoin idan kuɗin masu yawa ne. Sarƙar da bai san ta ba kuwa, ya duba tabbaci nawa manyan kamfanonin canji ke nema a kanta, kada ya karɓi ƙasa da haka.

Mai turawa kuma ya tambayi sunan sarƙa kafin ya tambayi adireshi, ya fara tura ɗan kaɗan na gwaji, sai an ce sun iso ya tura sauran. A cinikin hannu da hannu, inda Naira ke bi ta banki kirifto kuma ta sarƙa, wanda ke sayar da kirifto kada ya saki sai ya buɗe asusunsa na banki ya ga kuɗin da idonsa, domin biyan banki ana iya ƙalubalantarsa daga baya, nasa kuwa in ya tafi ya tafi. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Abokin ciniki na gaskiya ba zai ƙi jiran minti 15 ba, wanda kuwa ya matsa lalle a loda masa kaya tun biya yana layin jira, ya kamata a binciki dalilin gaggawarsa.